Bayan Ta Farfaɗo



Sharhinmu na yau mai nauyi ne. Zan yi magana ne a kan mutanen da ƙunci ke kai su ga yi wa kansu lahani, wasu har da yunƙurin kashe kansu, da kuma abin da malaman asibiti ke yi idan aka kawo musu irin waɗannan bayin Allah. Ba zan kama sunan wata guba ba, ba kuma zan faɗi yadda wani ya yi ba, da gangan kuwa. A shekarar 1987, jaridun birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya sun daina bayyana filla-filla yadda mutane ke kashe kansu a wasu wurare na birnin, cikin 'yan watanni abin ya ragu da fiye da rabi. Mu ma masu riƙe da makirfo akwai hakki a wuyanmu.

To, mu ƙaddara ƙarfe biyu ne na dare a ɗakin gaggawa na wani babban asibiti. A Daidaita Sahu ta tsaya a bakin ƙofa, an sauko da yarinya 'yar shekara 19, ba ta san inda kanta yake ba. Uwarta na biye, mayafi a hannu, tana cewa, "Malama, kuskure ne, ta zaci maganin tari ne." Malamar da ke aikin dare ta ji wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba ta musa ba, don ba lokacin musu ba ne. Ta sa safar hannu, ta juya yarinyar a gefenta don kada amai ya shaƙe ta, ta duba numfashi, ta sa a cire mata kayan da suka jiƙe a wanke fatarta, ta nemi jijiya ta ɗaura ruwa, ta aika a taso likita. Idan abin da ta sha irin maganin ƙwarin nan ne da ke sa yawu ya yi ta dalala, ƙirji ya cika da majina, akwai allurarsa, atirofin, ana yi ana ƙarawa har ƙirjin ya bushe. Amma ba kowace guba ce wannan allura ke karyawa ba. Shi ya sa tambayar farko da malamar za ta yi wa dangi ita ce, "Ina kwalbar? Kun zo da ita?"

Tambaya ta biyu kuma, "Me kuka ba ta a gida?" Mu duka mun san amsar: manja, ko madara, ko an sa mata yatsa a maƙogwaro. Don Allah a daina. Wanda hankalinsa ya gushe, abin da aka ɗura masa huhu yake wucewa, sai ka ga an tsira daga guba an faɗa ciwon huhu. Lokacin da aka ɓata wajen neman manja a maƙwabta kuwa, da a hanyar asibiti aka ɓata shi.

Wannan ɓangaren na aikin, gaskiya malamanmu sun iya shi. Da fitilar waya ma suna samun jijiya. Inda nake so mu daɗe shi ne washegari, bayan yarinya ta buɗe ido.

Me ya sa uwar ta ce kuskure ne? Kunya, da farko. Yarinya ce, gobe za a zo neman aurenta, unguwa kuma ba ta mantuwa. Sai kuma doka. Sashe na 231 na kundin Final Kod da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu sashe na 327 na nasu kundin ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Duka gadon zamanin Turawa ne, alhali ita Ingilar ta soke irin wannan laifi tun 1961. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma ba ta taɓa waɗancan sassa biyu ba. A 2023 ɗin ce kuma majalisar Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Ba kasafai ake kai mutum kotu a kan wannan ba, na sani, amma tsoron ɗan sanda kaɗai ya isa ya sa dangi su yi ƙarya, malama ta rufa musu asiri ta rubuta "kuskure" a kati. Daga nan an gama. Wanda ya sha abu bisa kuskure, idan ya warware sallamarsa ake yi da addu'ar Allah ya kiyaye gaba. Babu mai tambayarsa abin da ke cin sa.

Da safe an cika bakin gadon. Kawu ya zo da wa'azi: kin san makomar wanda ya kashe kansa? Gwaggo na cewa jifa ne, a nemi malami. Uwa na kuka tana cewa me na rage ki da shi. Wani lokaci, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo, sai wani mai farar riga ya wuce ya yar da magana: "Kin zo kin tare mana gado, ga masu ciwon gaske a ƙasa."

Ba ina jayayya da hukuncin addini ba ne. Kowa ya san shi, ita ma yarinyar ta san shi tun tana Islamiyya, kuma da saninta ƙuncin ya rinjaye ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana girman abin da ke cikin ƙirjinta. Nasiha tana da lokacinta, akwai kuma malamai masu hikima da suka san yadda ake yin ta. Amma wadda ta farka ta tarar an kewaye ta ana tuhuma, darasi ɗaya take ɗauka: nan gaba kada in bari kowa ya sani.

Malamar da ta samu horo ga abin da take yi. Tana cewa dangi, "Baba, Hajiya, ku ɗan ba mu wuri, zan duba ta." Ta ja labule. Ta jawo kujera ta zauna, don wanda ke tsaye a kanka alƙali ne, wanda ya zauna kusa da kai shi ake yi wa magana. Ta ce, "Ƙanwata, sannu. Na ga kin sha wuya. Ba faɗa zan yi miki ba." Ta yi shiru ta bar shirun ya yi aikinsa. Sannan ta yi tambayar da yawancinmu bakinmu ke nauyin yi: "Lokacin da kika sha, so kike ki mutu? Yanzu fa, tunanin yana nan?"

Na san akwai mai sauraro da gabansa ya faɗi. Ashe ba tuna mata aka yi ba? Ashe ba sa mata ra'ayin aka yi ba? An bincika wannan sosai. A 2014 masana a Kwalejin King's da ke Landan sun tattara binciken da aka yi a kan haka, ba su samu inda tambaya ta ƙara wa mutum tunanin kashe kansa ba, a wasu wuraren ma sauƙi ta kawo. Littafin jagora na mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 domin ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, haka ya umarta: a yi tambayar kai tsaye. Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A nan karin maganar ya gaza. An tarbiyyantar da mu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mun iya cewa "lafiya lau, alhamdu lillahi" zuciya na tafasa. Fuskar Bahaushe ba ta ba da wannan labari. Sai an tambayi baki.

Kuma bai kamata a jira sai an kai ga ɗakin gaggawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara. Wani nazari da aka buga a 2002, wanda ya haɗa bincike 40, akasari daga ƙasashen Turai da Amurka, ya gano kusan 45 cikin 100 na irin waɗannan mamata sun je wurin likitan yau da kullum a watan ƙarshe na rayuwarsu. Sun yanki kati, sun bi layi, an rubuta musu magani, sun koma gida. A wurinmu mai ciwon damuwa ba ya zuwa ya ce ina da damuwa. Cewa yake, "Malam, ba na barci." "Gabana ke faɗuwa." "Kaina kamar ana hura wuta." "Jikina duk ya mutu." A gwada jini, a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a sallame shi, bayan mako biyu ya dawo da kukan nan dai. Malamin da ya san aikinsa, a zuwa na uku yakan ajiye biro ya ce, "Yaya gida? Me ke hana ka barcin?" Idan ya ji kalmomi irin su "na gaji", "gara in huta", "ni dai ku yafe ni", ba ya cewa "haba, daina faɗin haka". Binsu yake yi.

Ungozoma ma haka. Mai jego da aka kawo jaririnta rigakafi, ba ta kallon ɗan, ba ta cin abinci, tana cewa da ba ta nan da kowa ya huta, wannan ba shagwaɓar haihuwar fari ba ce. Matar da yoyon fitsari ya raba da mijinta da mutane, matashin da ke fama da ƙwaya, dattijon da aka gaya wa yana da ciwon da ba ya warkewa, manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa: duk ta hannun nas da ma'aikacin lafiya na karkara suke bi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Asibitocinsu a Arewa ana ƙirgawa da yatsu, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Wanda ke wani ƙauye a Jigawa ko Zamfara, idan malamin ƙaramin asibitin garinsu bai tambaye shi ba, to babu mai tambayarsa.

Akwai kuma wani rukuni da ake yawan yi wa mummunar fahimta: masu ji wa jikinsu rauni ba don suna son mutuwa ba. Galibi matasa ne. Za ka ga tabo a damtse ko a cinya, an rufe da dogon hannu. Idan suka samu wanda suka amince da shi, sukan ce zafin jiki ne ke ɗan danne na zuciya. Mutane na cewa neman a kula da su suke yi. To, a ce ma haka ne. Wanda sai ya zubar da jininsa kafin a waiwaye shi, ai abin tausayi ne, ba abin tsawa ba. Ƙa'idar aikin jinya a nan ba ta da kwana: a wanke raunin, a yi allurar kashe zafi kafin ɗinki kamar yadda za a yi wa wanda ya faɗo daga babur, kada a ce bari ta ɗanɗana don gobe ta kiyaye. Kuma kada a raina abin don raunin ƙarami ne. Cikin waɗanda aka kawo asibiti saboda sun cutar da kansu, kusan ɗaya cikin shida na sake yi kafin shekara ta zagayo, kuma babu alamar haɗari da ta kai yunƙurin baya ƙarfi. A 2022 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce ma a daina dogara da takardun cike-gurbi da ke raba marasa lafiya zuwa masu ƙaramin haɗari da masu babba, domin hasashensu ba ya inganta. A zauna da mutum a ji matsalarsa da abin da yake bukata. Wannan labari ya yi mini daɗi, don kujera da kunne ba sai an yi odarsu daga waje ba.

Yanzu ga abin da ya sa duk wannan wahala ba ta banza ba ce. Guguwar tunanin kashe kai ba ta daɗewa. A birnin Insburuk na Ostiriya an tambayi mutum 82 da suka tsira, kusan rabinsu suka ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti goma ba. Kuma kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri, ba ta wannan hanya suke barin duniya daga baya ba. Ke nan maganar da ake yi cewa wanda ya yi niyya ba a iya hana shi, ba gaskiya ba ce. Idan abin da zai yi amfani da shi ba ya kusa a wannan minti goma, sau da yawa ya tsira ke nan. Siri Lanka ta gwada. Ta hana shigo da magungunan ƙwari mafiya haɗari, kuma tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin 100, an ƙiyasta rayuka 93,000 aka ceta, noma kuma bai durƙushe ba. A nan gida hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a 2019. Mai zuwa kasuwa shi zai ba da labarin yadda hanin ya kasance.

Malamar jinya ba ta da ikon hana shigo da kaya, amma tana da iko a kan ɗakinta. Tana sa gadon yarinyar inda idonta ke kai. Tana duba jakarta da ƙarƙashin matashi cikin ladabi, da saninta, ta ce, "Zan ajiye miki wannan a wurina." Akwatin magani a kulle. Idan ta ba da ƙwaya tana tsayawa har a haɗiye. Lokacin miƙa aiki, wanda shi ne lokacin da ido ke ɗaukewa, tana faɗa wa mai karɓarta baki da baki, ba ta barin maganar a cikin fayil kawai. Sannan muna da wata dukiya da asibitocin Turai ba su da ita: masu jinya, 'yan'uwan nan da ke shimfiɗa tabarma a gindin gado. Sau da yawa ana ganinsu kamar cikas, ana kora su waje lokacin zagayen likita. Amma tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa yana samun sauƙi idan aka yi masa magani yana tare da ɗan'uwansa a cikin jama'a. Aikin malama shi ne ta zaɓi wanda yarinyar ta yarda da shi, wataƙila yayarta ce ba uwar ba, ta koya mata: ki zauna kusa, kada ki bar ta ita kaɗai ko a banɗaki ta daɗe, kada ki yi mata gori, in kin ga wani canji ki kira ni. Gadi daban, ɗauri daban. Mun ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa a 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa. Sarƙa ba ta taɓa cire wa kowa baƙin ciki ba.

Sai ranar sallama, ranar da kowa ke murna, wadda kuma ita ce mafarin kwanaki mafiya haɗari. Yarinya za ta koma ɗakin nan dai, da auren da ba ta so ko bashin ko gorin da ya kawo ta, ga ƙarin idon unguwa. Alƙaluman da Jami'ar Manchesta ke tattarawa a Birtaniya sun nuna cewa cikin waɗanda aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa, mace-macen sun fi yawa a makon farko, musamman rana ta uku. Shi ya sa can aka mayar da ƙa'ida a tuntuɓi mutum cikin awa 72.

Kafin ta tafi, malama na zama da ita su rubuta 'yar takarda, da kalmomin yarinyar ba na asibiti ba. Me nake ji idan abin zai taso? Me ke ɗan sanyaya mini, alwala ce, karatu ne, fita tsakar gida ne? Gidan wa zan shiga? Wa zan kira, ga lambarsa. Wane asibiti zan nufa? Wasu masana biyu a Amurka, Barbara Stanley da Gregory Brown, su suka tsara wannan hanya, kuma ta fi tsohuwar dabarar sa mutum ya yi alkawarin ba zai sake ba, wadda ba ta kare kowa sai mai karɓar alkawarin. Sannan ta ja uban gefe: "Baba, maganin feshin gona da ragowar ƙwayoyin da ke gida, a fitar da su yau, kafin ta isa. Maganin da aka rubuta mata kuma ya zauna a hannun Hajiya."

Abin da ya rage shi ne wanda ya fi arha, shi ne kuma aka fi bari. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, daga 1969 ya bi mutum 843 da aka sallama suka ƙi komawa ganin likita. Rabinsu ya riƙa aika musu 'yar gajeriyar wasiƙa ta gaisuwa, ba umarni ba nasiha, wasiƙa 24 cikin shekara biyar. A shekaru biyun farko waɗanda ke samun wasiƙa sun fi sauran tsira. Kada a ce wannan sai Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada irinsa a Barazil, Indiya, Siri Lanka, Iran da Sin, da mutum 1,867: zama ɗaya na bayani kafin sallama, sannan kiran waya ko ziyara lokaci-lokaci har wata 18. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cikin waɗanda aka bibiya, biyu cikin dubu ne suka kashe kansu, cikin waɗanda aka bari kuwa 22 cikin dubu. Gaisuwa ce fa kawai. Mu da muke tafiya unguwa guda don mu ce "ya jiki?", bai kamata a zo daga San Faransisko a koya mana wannan ba.

Na san abin da malaman jinya da ke saurarona ke cewa a ransu: mai sharhi, ka taɓa riƙe ɗaki mai gado talatin kai kaɗai da dare? Ban taɓa ba, kuma kuna da gaskiya. A 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta ce fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Wanda ya rage yana aikin mutum uku, kuma idan mara lafiyarsa ya mutu ta wannan hanya, kwamitin bincike ake kafa masa, babu mai tambayarsa ko yana samun barci. Su ma mutane ne, su ma ƙuncin na kama su, kuma su ne suka fi kowa kusa da akwatin magani. Shugabannin asibitoci su ware ɗaki ɗaya mai ƙofa inda za a yi magana a asirce, su sa layin waya ɗaya da kuɗin kira a ciki, su tura ma'aikata horon mhGAP na 'yan kwanaki. 'Yan majalisa kuma su cire ɗan sanda daga bakin gadon.

Wanda ke saurarona yanzu yana jin irin wannan nauyi a ƙirjinsa, ɗan'uwana, 'yar'uwata, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Tashi wani a gidan ka faɗa masa, ku nufi asibiti mafi kusa, ka gaya wa malamin da ka tarar abin da ke ranka da sunansa. Lambar gaggawa ta ƙasa kuma ita ce 112.

Ita kuwa malamarmu ta ɗakin gaggawa, rana ta uku da sallama ta sauka daga aiki ƙarfe biyu na rana. Kafin ta hau mota ta buɗe ɗan littafinta, inda ta rubuta lamba biyu, ta yarinyar da ta yayarta. Ta kira ta farko, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira ta biyu. "Salamu alaikum, malamar asibiti ce. Tana kusa? Ba ni ita mu gaisa."